Gurun Kakana a Bakin Rafi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Masana tarihi sun cika littattafai da labarin takubba da igwa, amma ni Iliya, tsohon malamin firamare kuma ƙaramin soja, ina shaida muku cewa tun da aka fara yaƙi a duniya, abin da ke riƙe da soja yana ƙarƙashin rigarsa ne. Nawa guru ne, na baƙar fata, mai warin tsufa.

Na kakana ne. Bataliyar da na shiga tsohuwa ce tun zamanin Turawa, ta haye teku ta yi yaƙi a dazukan ƙasar Bama, kuma a cikinta Kaka ya yi aiki. Ya dawo ƙauyenmu nan gefen Shanono ko ƙwarzane babu. Ranar da zan tafi arewa maso gabas, baffana ya ja ni bayan rumbu ya ɗaura mini gurun, ya ce maganin harsashi ne, sharaɗinsa ɗaya: kada ruwa ya taɓa shi. Ni da nake koyar da makarantar Lahadi! Littafi Mai Tsarki a aljihun ƙirji, guru a ƙugu. Ko wanka zan yi sai na ɓuya na kwance shi, ina gamawa in yi maza in mayar.

Wata rana da damina, da hantsi, muna sintiri a ƙasa, sai 'yan ta'adda suka buɗe mana wuta daga cikin gero. Mafaka ɗaya ce, wani tudu a ƙetaren rafi, ruwan kuwa ya kai ƙirji. Kowa ya faɗa. Ni na kwanta a gaɓa na ƙame. In na shiga, maganin ya karye. In na tsaya, ga su suna matsowa, har ina jin muryoyinsu.

Kofur Sale, mutumin Ɗanbatta, Musulmi, wanda muke cin kwano ɗaya, ya juyo daga tsakiyar ruwa.

"Ticha! Darasi kake shiryawa? Shigo!"

"Ba zan iya ba, Kofur!"

"Ba ka iya ruwa ba? Ni na iya ne? A garinmu ko kududdufi sai an yi sa'a!"

Harsashi ya tsinke reshe a kaina, ganye ya zubo mini a wuya. Sale ya ƙi yin gaba. Na ga saboda ni za a kashe uban 'ya'ya.

Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ko kai ko wannan fatar. Ka riƙe ni." Na zaro wuƙa na yanke gurun, na wurgar, na faɗa ruwa. Sale ya damƙi wuyan rigata yana zagina har tudu. Ruwa na tartsatsi hagu da dama, amma ko harsashi ɗaya bai same mu ba. Halleluya! Daga ranar tsoron nan ya sake ni, nake wanka kamar kowane ɗan Adam.

Saboda haka ina gode wa Allah a gabanku. Duk mai wani abu ɗaure a ƙarƙashin riga, ya kwance, ya dogara ga Ubangiji. Shi ba ya tsoron ruwa.

Da na zo hutu, na durƙusa gaban Gwaggo, yayar babana, na nemi gafarar yar da gadon gida. Ta ɗago daga tsince wake ta dube ni.

"Wane guru? Na Baba? Ai Baba kuku ne, bai taɓa harba bindiga ba. Na ciwon baya ne."