Buhun da Nake Salla a Kai

Assalamu alaikum Malam, ku da masu sauraro.

Shekara tara ina aiki a wani kamfanin buhu a Sharada. Ba mu da tabarma, sai kowa ya shimfiɗa yagaggen buhu, ni nake jan salla. Wata Asabar na naɗe nawa zan kai gida a wanke. A bakin ƙofa sabon mai gadi ya ce sata ce. A ranar aka kore ni.

Duk waɗanda suke bi na salla, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Yau wata biyu, babu wanda ya leƙo ni.

Malam, ina zan kai kukana? Ku gaishe mini su, ku ce ina nan Kumbotso, ban tashi ba.