Yarinyar da ke ɗaga hannu a bayan keke

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hadiza, daga Alkalawa a Jimeta.

Kullum da safe nakan kai yara biyu makaranta a keke, ɗana a gaba, Jamila 'yar yayata a baya. Shekararta biyar. Daga arewacin jiha aka kawo mini ita, inda rikici ya koya wa yara ɗaga hannu sama da zarar sun ga mai kaki. Har yau ba ta iya rubuta sunanta ba, amma wannan darasin ta haddace shi.

To, Jimeta ba ta rasa masu kaki ba, har da masu gadin banki. Duk wanda ta hango sai ta saki ƙuguna ta ɗaga hannu biyu, muna tsakiyar titi.

Ranar Talata ta faɗo a gaban wani mai Keke Napep. Mun yi sa'a, birkinsa na aiki. Jami'in da ta gani ya rugo ya ɗauke ta, gwiwa na jini, hannuwan suna sama.

A gida na ce, "Jamila, a nan ba a ɗaga hannu."

Ta kira ni yadda Fulani ke kiran ƙanwar uwa, ta ce, "Yapendo, Baba bai ɗaga ba, shi ya sa bai dawo ba."

Na yi digiri a fannin koyar da yara, amma ba mu zo wannan babin ba. Yanzu da zane nake ɗaure ta a jikina kamar jaririya, 'yan ajinsu na yi mata dariya.

Masu sauraro, don Allah, me zan ce mata wanda ba ƙarya ba?