Koriyar Waya

A wata rumfar kayan wuta cikin kasuwar Damagaram, Balki, mai sayar da ƙanƙara daga Mirriya, tana ta juya salatif a hannu. Wani dattijo mai gyaran wuta, Mala Bukar, ya dube ta.

"Baiwar Allah, me za a naɗe?"

"Waya ce ta kwance cikin akwatin bango, bayan firigon ƙanƙara. Koriyar nan mai ratsin rawaya. Maigidan ya ce a murɗe a naɗe, tunda ba ta kawo wuta."

"Wayar ƙasa kenan! Ita ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ƙasa. In ta kwance, jikinki ne hanya. Wayoyi nawa suka haɗu?"

"Uku."

"To, domino za ki saya, wato mahaɗin wayoyi, babba mai kusoshin tagulla, a ɗaure tamau. Zafin garin nan sakin salatif yake. Kuma a kashe wuta kafin a taɓa."

"Shi dai salatif ya ce, Baba."

"Shi ke buɗe firigon?"

"Ni ce. Jiya ma da jiƙaƙƙen hannu na taɓa, ya jefar da ni har ƙofa."

"Subhanallahi! Kin ji ciwo?"

"Ni lafiyata lau." Ta dafa tsohon cikinta, muryarta ta yi ƙasa. "Shi ne dai tun jiyan bai motsa ba. Ko barci yake?"

Mala ya zare salatif ɗin daga hannunta.

"'Yata, waya za ta jira. Tashi mu je likita, yanzu."