Jan-baki Sun Haddace Biyu Sau Biyu

Nasiru, miƙo min ruwan nan tukuna, maƙogwaron nan ba ya tashi sai da turi. Kullum kuna dariya wai muryar Kawu Sale ta zama ta tsohon agwagwa. To, ba haka aka haife ni ba, wurin ci-rani na baro ta. Tunda kai da Ummi kun gama bautar ƙasa kuna ta zancen motar Abuja, ku zauna ku ji inda tawa motar ta sauke ni.

Shekarar da na gama bautar ƙasa bayan digiri, kakanku, Allah ya jiƙansa, ya sayar da ɗan bijimin da yake kiwo a bayan gida, ya damƙa min kuɗin, ya ce in tafi Abuja, ɗan wani abokinsa zai sama min aikin ofis mai na'urar sanyi. Na ce, "Baba, ni fa na riga na ba da sunana cikin masu digirin da za su je koyarwa makarantun da ba wanda yake son zuwa."

Ya ce, "Ina suka tura ka?"

Na ce, "Tudun Gauraka."

"Ina ne kuma nan?"

"Can cikin fadama, gaba da inda mota take juyawa."

Ya kalle ni ya ce, "Kowa ya yi digiri ya bi kwalta, kai ka bi sauro. Ci-rani muka sani, ban taɓa jin ci-damina ba sai a kanka." Amma bai karɓe kuɗinsa ba. Da kuɗin bijimin nan na sayi takalmin roba da gidan sauro da kwalin alli. Kada ku tambaye ni dalili. A wurin bautar ƙasa na ga ɗan aji shida da bai iya rubuta sunansa ba, abin ya tsaya min a rai. Ga kuma taurin kan gidanmu, wanda ke ma Ummi kin samu naki kason.

Daga Haɗeja mota, daga mota babur, daga babur kwalekwale, muna ratsa ciyawar kachala wadda ta fi tsayin mutum. Tsohon da yake tuƙa kwalekwalen, Baba Gambo, shi ne kuma aka ce mai masaukina. Ya kai ni wani ɗaki da yake ajiye bandar kifi, ya ture kwanduna gefe ya ce ga wurin kwana.

Na ce, "Baba, ɗakin nan ƙarnin kifi yake."

Ya ce, "Kai ka same su ciki ko su suka same ka?"

"Ni na same su."

"To su ba su yi ƙorafi ba."

Tun daga ranar duk inda na nufa kuliyoyin garin suna biye da ni. Har makaranta suke raka ni, su zauna bakin ƙofa.

Makarantar ɗakuna biyu ce da ake haɗa ajujuwa a ciki, malamai kuma biyu: ni da hedimasta, Malam Garba. Da farko abin gwanin sha'awa, yara maƙil. Sai Malam Garba ya ja ni gefe ya ce in sani, sufeton makarantu zai zo cikin zangon nan, kuma an riga an yanke: in ya tarar ba yara, za a rufe makarantar a haɗe ta da ta ƙetaren kogi. Ba uban da zai bar ɗan shekara bakwai ya riƙa ƙetare kogi kullum. Ma'ana dai karatu ya mutu a Tudun Gauraka. Na ce, "Ai ga yara nan." Ya yi wani murmushi ya ce, "Bari shinkafa ta fitar da kai."

Wata safiya na shiga aji na tarar da akuya ɗaya tana cin tsintsiya. Ba yaro ko na magani. Hedimasta ma babu shi. Na bi sawu har gona, na same shi ya naɗe wando, riƙe da majajjawa. Ya ce, "Jan-baki sun sauka, Malam Sale. Sai bayan girbi."

Ku 'yan cikin gari ba ku san jan-baki ba. 'Yan mitsi-mitsin tsuntsaye ne, amma in sun taso sai ka ce hayaƙi ya turnuƙe. Shinkafa na fara zuba nono su sauka, kafin ka kai gida ka dawo sun bar maka kara. Don haka kowane yaro da ke garin an kafa masa 'yar rumfa mai dogayen ƙafafu a gona, yana jan igiyar gwangwanaye yana ihu, tun fitowar rana har faɗuwarta.

Na koma wurin Baba Gambo raina a ɓace, don jikarsa Dije ita ce ta fi kowa kai a aji huɗu, ta kuma fi kowa murya.

Na ce, "Baba, in sufeto ya zo ba yara, za a rufe makarantar nan."

Ya ce, "In jan-baki suka zo ba yara, za a rufe tukunya. Boko zan dafa musu?"

Na juya na koma ɗakin kifina. Haushi kawai ya sa washegari na kinkimi allon aji a ka, na zura takalmin roba, na kutsa cikin taɓo har gonarsa, na hau rumfar Dije. Na ce in ba za ta zo makaranta ba, makaranta ta zo mata. Daidai lokacin tsuntsayen suka taso daga cikin kachala suka nufo mu. Ni kuwa haushi bai sake ni ba, na daddage na ƙwalla, "Biyu sau biyu!"

Dije ta ce, "Huɗu!" Amma ba ita kaɗai ba. Yaran da ke sauran rumfunan, da yake bakinsu ya saba, duk suka amsa lokaci ɗaya, gabas da yamma. Fadamar nan ta ɗauka gaba ɗaya. Da ma kowane yaro nasa ihun yake yi shi kaɗai, tsuntsaye su tashi daga gonar wannan su faɗa ta wancan. Ranar suka ji ihu ta ko'ina, suka yi sama, suka juya suka koma inda suka fito.

Sai ga kan Baba Gambo ya ɓullo daga cikin shinkafa. Ya ce, "Malam, maimaita."

Shi ke nan na zama mai daraja. Aka kafa min rumfa mafi tsawo a tsakiyar gonaki, aka jingina min allo. Aka ma kwashe rabin kifin ɗakina. Ina ƙwalla tambaya, fadama tana amsawa, jan-baki suna gudu. Ban ankara ba sai ga tawagar dattawa da yamma, Baba Gambo a gaba, fuskar nan a murtuke.

Ya ce, "Malam, sun haddace."

Na ce, "Alhamdu lillahi, ai yaran suna da ƙoƙari."

"Wa yake zancen yara? Tsuntsayen! Jiya da idona na ga wata, ana biyu sau uku tana cin shinkafata tana gyaɗa kai. A ƙara gaba."

Ashe haka jan-baki suke, duk ƙarar da suka saba ji sai ta daina ba su tsoro. Na ce ai manhaja ba ta ce a kai ga sau uku ba sai mako mai zuwa. Wani dattijo ya ce, "Ita Manhajar tana da gona a nan?" Na ce a'a. Ya ce, "To a ƙara gaba."

Da tsakar rana tsuntsayen kan lafa cikin kachala saboda zafi. To lokacin iyaye da kansu suke koro yara gindin wata goruba, da tsumagiya a hannu, in koya musu sabon karatun da za a yi wa jan-baki da yamma. Mutanen da na roƙa suka ƙi, su ne yanzu suke tsaye kaina suna cewa ina jan ƙafa. Muka gama sau uku, sau huɗu, muka haura sau tara. Da lissafi ya ƙare muka shiga jihohi da manyan biranensu. In ce "Abiya!" fadama ta ce "Umuwahiya!" Amma wanda Baba Gambo ya fi so shi ne Akwa Ibom, don ya ce a duniya ba abin da jan-baki suka tsana kamar "Uyo!" Har cikin kwalekwale shi kaɗai sai ka ji yana gwadawa. Karatun da aka tsara na shekara guda, tsuntsaye suka sa muka cinye shi kafin girbi. Muryata kuwa tun daga sau bakwai ta fara dushewa.

Sufeto ya zo ba sanarwa, da farar shadda da takalmi sau-ciki. Baba Gambo ne ya ɗauko shi daga bakin ruwa. Aka aiko in zo. Na same shi tsaye a aji, shi da akuyar nan, ga komar kamun kifi an shanya a taga. Na san abin da ya gani ya isa.

Ya ce, "Ina ɗalibai?"

Na ce, "Yallaɓai, suna cikin darasi."

"A ina?"

"A gona."

Ya ce, "Malam, ni ba yaro ba ne. Makaranta gini ce da kujeru da yara a kai. Wannan rufaffiya ce, saura sa hannu." Ya juya ya ce a mayar da shi.

Na shiga kwalekwalen in raka shi. Baba Gambo kuwa, maimakon ya bi hanyar da suka zo, sai ya karkata ta tsakiyar gonaki. La'asar ta yi, sai ga jan-baki sun taso. Tsohon ya zungure ni da gorar tuƙi. Na miƙe na tattaro ɗan abin da ya rage min na murya na ce, "Bakwai sau takwas!"

"Hamsin da shida!"

Sufeto ya zabura, kwalekwale ya yi tangal-tangal, takalminsa ɗaya ya faɗa ruwa. Bai ko kalle shi ba. Yana ta waige-waige, ba ya ganin komai sai kawunan yara bisa rumfuna. Ya ce ai wannan shiri ne. Ya miƙe da kansa ya ce, "Tara sau tara!" Aka ba shi tamanin da ɗaya, har da muryar wata tsohuwa mai tsinkar zogale a bakin gona. Ya ce, "Akwa Ibom!" Baba Gambo ya riga kowa, a daidai kunnensa.

Mutumin nan ya zauna yana kallon tsuntsayen suna komawa. Can ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Malam, ina da 'yar gonar shinkafa wajen Miga, sun kusa gamawa da ita. Ko za ka ara min aji huɗu na ɗan lokaci?"

Kafin in buɗe baki Baba Gambo ya kafa gora a taɓo ya tsayar da kwalekwalen. Ya ce, "Ranka ya daɗe, aji huɗun wace makaranta? Rufaffiyar?"

Sufeto ya ce, "Wa ya ce an rufe ta?"

Aji huɗu dai bai samu ba. Amma Dije ta yi masa bayanin yadda ake yi, ya tafi da takalmi ɗaya yana maimaitawa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na ce in an girbe shinkafa, tsuntsaye suka tafi, wa zai ƙara tuna da ni? Ranar farko bayan girbi na share aji na zauna ni da kuliyoyi. Sai na ji hayaniya. Baba Gambo ne ya koro yaran garin kaf, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Malam, jan-baki za su dawo baɗi, kuma karatun bana duk sun ji shi. A tara musu sabo tun da rani."

Damina biyu na yi a can. Na dawo Haɗeja da buhunan shinkafa da ƙarnin kifi, babu murya. Kakanku ya ci tuwon shinkafar nan ya ce bijiminsa dai bai dawo ba, amma ya ƙara loma.

Makarantar tana nan har yau, ajujuwa shida. Dije ta yi kwalejin horon malamai, aka ba ta zaɓi ta zauna cikin gari, ta ce a mayar da ita Tudun Gauraka. Daminar bara ina zaune a nan inda kake, Nasiru, ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Malam, saurara." Na ji ta ƙwalla bakwai sau takwas, na ji fadama ta amsa. Na buɗe baki in ba su na gaba, muryar ta ƙi fita. Na sake gwadawa, sai iska.

Ta ce, "Bari, Malam, huta. Mun karɓe ka."