Mutanen da Rahila Ta Zana a Bango

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Ishaku na Kebbe, wanda kuka sani da barci lokacin wa'azi. Yau idona biyu.

Ɗiyata Rahila ta gama jami'a, ta dawo gida shirin wata jarrabawa ta masu tsara manhajar kwamfuta. Ni da na bar makaranta saboda bulala, mi na sani?

Sai ta fara zane da gawayi a bangon ɗakinta. Akwatuna, kibau, da wasu mutane sirara marasa fuska, hannuwa a buɗe. Tana tsaye gabansu tana magana ita kaɗai. Tuwo ya huce, ba ta taɓa ba.

Na taɓa ganin irin wannan zane a ɗakin boka. Da na ga sunana ƙarƙashin mutum ɗaya, kibiya ta fita daga gare shi ta shiga akwati, sai na ce a raina: Akwatin gawa ne fa! Na daina cin abinci. Ko da rana tsaka na wuce ƙofar, sai in ji kamar ana kallon ƙeyata.

Ran da ta hau babur zuwa Tambuwal neman intanet, na ɗebo ruwa a bokiti. Niyyata in wanke bangon tas, karatun nata ya bi ruwa, jarrabawa kuwa saura ƙiris.

Na ɗaga tsumma, hannu ya ƙi. Ɗakin ya yi tsit, ko kaji ba su motsi. Na durƙusa na ce, "Yesu, in mugun abu ne ka kore shi. In kuwa wautata ce, ka riƙe hannun wanga tsoho."

Nan Rahila ta dawo ta iske ni.

"Baba, mi kaka yi da bokiti?"

"Wa ya biya ki ki sa ni a akwati?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Rumbunka ne! Yadda kaka kai gero kasuwa na ɗauka misali, ina gwajin zanen jarrabawata. Ga ka, ga dillali, ga mai mota."

"To wancan na lungu fa?"

Dariyar ta tsaya. Can sama, kusa da rufi, akwai wani mai dogon wuya, ba suna, ba kibiya.

"Baba, ba ni na zana shi ba. Hannuna ba ya kai wurin."

Muka riƙe hannu muka yi addu'a. Na hau turmi ina kiran sunan Yesu, na goge shi shi kaɗai. Bai dawo ba. Halleluya!

Rahila ta tafi Sakkwato ta ci jarrabawarta. Har yau ban san wanda ya yi wancan zanen ba, kuma na bar tambaya. Na gode wa Ubangiji da ya riƙe hannuna. In tsoro ya shigo gidanku, ku fara durƙusawa kafin ku ɗebo ruwa. Amin.