Kududdufin da Yayana Ya Haƙa

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Isa daga Mawashi. Ranar kasuwa mukan saurare ka a akwatin rediyon ƙofar hakimi a Kankiya.

Yayana Ɗanjuma magini ne, ƙaton mutum. Shi ya fara haƙa kududdufin bayan masallacinmu, ya san ruwansa ba ya wuce gwiwa. Da ya tafi cin rani, muka yi ta ɗibar ƙasar tubali har ramin ya fi tsayin mutum.

Damina ta sauka, ya dawo. Ran nan mun taso daga gona, ya ce, "Isa, riƙe mini hauya in wanke ƙafa." Ya taka, ya ƙara takawa, sai ruwa ya rufe shi. Malam, ko kuwwa bai yi ba! Ruwan ya kwanta lumui, kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Ikon Allah! Kafin a kawo igiya, rai ya yi halinsa.

Ashe wanda ruwa ke ci ba ya ihu.

Ka ba mu shawara: mu yi wa ramin shinge, ko mu kira duba-gari? 'Ya'yan Ɗanjuma a bakin wurin suke wasa, kuma bana ma za a haƙa.