Kakata ta ce an daina karatun asuba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ce Falmata daga Ƙofar Ruwa, yau dai na yi ƙarfin halin rubuto muku.

Tun da aka dawo mulkin farar hula kakata take cewa imani ya ƙare a unguwarmu. Hujjarta ita ce, da can tana jin karatun Alƙur'ani daga kowane gida bayan asuba, yanzu kuwa shiru. Wai maza sun bi siyasa, mu kuma littattafan soyayya sun ɗauke mana hankali. Shekaranjiya ta kwashe nawa ta kulle a akwatinta, ta ce, "Sai ranar da na sake jin karatu, 'yar nan!"

Malam, wallahi karatu yana nan. Kullum na maƙwabcinmu ta katanga yake shigo mana. Kunnenta ne ya yi nauyi, amma duk gidan an kasa faɗa mata, ni kuwa kunya ba za ta bar ni ba.

Yaya ake gaya wa babba haka ba a ɓata masa rai ba? Don Allah a ba ni shawara da wuri, saura kaɗan in san ko masoyan da ke cikin littafin da nake karantawa za su daidaita.